Dabo da rufa-ido: aikin aljanu ne ko iya hannu?

Bashir_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Wata gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu, na ce bari in kawo ta nan ko a dace da masu sani. Wani ɗan dabo ne ya yi wasa a bakin tasha. Ya karɓi farar takarda a hannun wani yaro, ya dunƙule ta, ya hura mata iska, ya buɗe hannu sai ga ɗari biyar sabuwa fil. Bayan nan ya haɗiye allurai, ya bi su da zare, ya zaro su daga baki a jere a jikin zaren. Abokaina sun rantse aljanu ke yi masa aiki. Ni kuwa na ce hannu ne da ya sha horo, da baki mai ɗauke hankali. Hujjata ita ce: in da gaske yana mayar da takarda kuɗi, me ya sa da ya gama ya zagaya da hula yana karɓar hamsin-hamsin? Ku me kuka gani? Dabo da siddabaru da rufa-ido, tsafi ne ko iya hannu?

Ummu_Khairat:
Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ka bi a hankali da maganar nan. Sihiri gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace shi, har da wanda ake raba miji da mata da shi. Kar garin nuna wayewa mutum ya musanta abin da Allah ya tabbatar.

Bashir_Gwammaja:
Hajiya, ban musanta sihiri ba, Allah ya tsare ni. Tambayata a kan wannan mai wasa a tasha ne da ire-irensa.

Ɗan_Damagaram:
Mu nan abin da muka taso muna ji shi ne, kuɗin rufa-ido ba su kwana. Kana kaiwa gida su koma takarda ko ganye. Shi ya sa mai yi ba ya iya cin moriyarsu, dole ya roƙi na gaske.

Malam_Sani_Zazzau:
Bismillah. Hajiya Ummu Khairat ta yi gaskiya, Bashir ma bai kauce ba, domin magana biyu ce ake cakuɗawa. Malamanmu na da sun riga mu tattauna wannan. Imam Fakhruddin Ar-Razi ya kasa abin da ake kira sihiri kashi takwas, Ibn Kasir kuma ya kawo wannan rabon a tafsirinsa wajen aya ta 102 ta Suratul Baƙara. A cikin takwas ɗin akwai neman taimakon aljanu, wannan kashi ne guda. Amma akwai wani kashi daban na ɗauke ido da saurin hannu, inda mai yi zai shagaltar da masu kallo da abu guda, ya aikata wani da sauri ta inda ba a duba ba. Akwai na haɗa na'urori, akwai na sanin sirrin magunguna da sinadarai, akwai na cusa wa mutum tsoro a zuciya har ya gaskata duk abin da aka faɗa masa. Har annamimanci ya sa a ciki.

Ku duba kuma ƙissar matsafan Fir'auna. A Suratul A'araf aya ta 116 an ce idanun mutane suka sihirce, suka tsoratar da su. A Suratu Ɗaha aya ta 66 an ce igiyoyi da sandunan an suranta wa Annabi Musa, alaihis salam, kamar suna tafiya. Wasu malaman tafsiri ma sun ce zaiba aka ɗura a cikinsu, da zafi ya taɓa su suka riƙa motsi. Kuma su waye suka fara faɗuwa suna sujada? Matsafan ne da kansu, saboda sun san iyakar sana'arsu, sun ga abin da ya faru ya wuce ta.

Saboda haka wanda ya ce wasan bakin tasha iya hannu ne bai fita daga maganar malamai ba.

Ummu_Khairat:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da rabon. To amma halal ne a tsaya kallo?

Malam_Sani_Zazzau:
Malamai da yawa sun hana, musamman in mai yi yana riya wa mutane cewa yana da wani iko, ko yana cin dukiyarsu da shi. Wasu na wannan zamani sun sassauta in kowa ya san wasa ne kuma ba a jingina shi ga gaibu ba. Ni dai ba na ƙarfafa wa yara zuwa.

Injiniya_Kabiru:
Bari in yi bayanin na takardar, don na taɓa zama na koyi irinsa don in nuna wa ƙannena. Kuɗin suna naɗe ƙanƙane a hannunsa tun kafin ya kira yaron, ko a matse a gindin yatsu, ko a cikin wani ɗan murfi mai launin fata da ake sa wa babban yatsa. Lokacin da yake dunƙule takardar, ita ce ke shiga maɓoyar, kuɗin su fito. Hura iskar ba ta da wani aiki illa ta ja idonka zuwa bakinsa.

Gwada wannan a gida: riƙe kwandala da yatsun hagu, kawo hannun dama kamar za ka ɗauke ta, amma ka sake ta ta faɗa tafin hagu. Ka dunƙule dama, ka ɗaga shi sama, ka bi shi da kallo. Duk wanda ke gabanka zai bi hannun dama, domin kai ma shi kake kallo. Ka buɗe, babu komai. Abin da ke da wuya shi ne hannun hagu ya saki jiki kamar babu abin da ya riƙe. Wannan kaɗai sai mutum ya daɗe a gaban madubi.

Na allurai kuwa tsohon wasa ne, Houdini na Amurka ya yi suna da shi. Akwai wasu alluran da aka riga aka jera a zare, an naɗe su an ɓoye tsakanin dasashi da kumatu. Don Allah kar wani yaro ya gwada wannan, allura ba abin wasa ba ce a baki.

Sadiq_09:
Yaya Kabiru, to ai mutumin ya buɗe baki an leƙa kafin ya fara. Ni na taɓa gani da idona.

Injiniya_Kabiru:
Wa ya leƙa, Sadiq? Kuma shi wa ya zaɓi mai leƙawar? Ko da baƙo ne, mai wasan ne ke jan leɓensa da yatsunsa yana nuna inda yake so a gani.

Baba_Tsohon_Direba:
Yara, ku bar ta mai allura, shi abincinsa yake nema, wanda ya ga dama ya ba shi. Waɗanda suka fi ci mini rai 'yan wala-wala ne. Na yi shekaru ina jan mota tsakanin garuruwa, babu irin kukan da ban gani ba a tasha.

Ga yadda suke yi. Mutum guda ya shimfiɗa kwali, karta uku a hannunsa, biyu baƙaƙe ɗaya ja. Ya nuna maka jar, ya watsa su a kife, ya ce nuna inda take ka ci ninki. Yana riƙe da biyu a hannu ɗaya, jar a ƙasa. Sau biyu ko uku zai jefa ta ƙasan da gaske, ka bi ta da ido ka ga ka gane. Ran da kuɗinka suka sauka, ta saman zai saki, motsin hannun kuwa iri ɗaya ne sak. Kai kana bin baƙa kana zaton ja ce.

Amma ba hannun ne babban makaminsu ba. Mutanen da ke kewaye da shi suna ci suna murna, nasa ne. Wancan mai babbar riga da ya ci dubu biyar a gabanka, nasa ne. Wanda ya raɗa maka a kunne cewa ya lanƙwasa kusurwar jar karta lokacin da mai wasan ya juya baya, shi ma nasa ne. Sai ka ga lanƙwasar da idonka, ka ce yau Allah ya kama ɓarawo, ka zuba kuɗin da aka aike ka da su. A buɗe, sai ga baƙa mai lanƙwasa. Ya riga ya miƙar da waccan ya lanƙwasa wannan da ƙaramin yatsa. In kuma aka yi rashin sa'a ka nuna daidai, nan take wani zai ɗora kuɗin da suka fi naka a wata kartar a ce nasa aka karɓa, ko wani ya yi ihun ga 'yan sanda, kowa ya watse. Ana cikin wannan turereniya 'yan sane na lalube aljihun masu kallo.

Na ga manomi ya sayar da amfanin gonarsa ya zubar a wurin nan kafin mota ta cika. Ya zauna a ƙasa yana cewa asiri aka yi masa. Wallahi babu asiri, taron dangi aka yi masa.

Ɗan_Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma. Haka suke yi a nan ma ranar kasuwa, wasu da karta, wasu da igiya da ake naɗewa a ce ka soka tsinke a tsakiya. Wani ɗan garinmu jikka goma ya bari a wurin.

Aisha_Ɗalibar_Jami'a:
Abin da Baba ya faɗa ya yi daidai da abin da muka karanta a darasin halayyar ɗan Adam. A 1999 wasu masana biyu, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun yi wani gwaji a jami'ar Harvard. Aka nuna wa mutane bidiyon wasu matasa suna jefa wa juna ƙwallon kwando, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana tsaka da haka wani mutum sanye da kayan goggon biri ya ratso ta tsakiyarsu. Kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba sam, kuma idonsu na kan allon. Ido yana buɗe amma hankali na wurin ƙirga.

Shi ya sa "na gani da idona" ba ta isa hujja a irin wannan wuri. Sadiq, ba ƙaryata ka nake ba, ka gani ɗin, amma abin da aka shirya maka ka gani.

Gardi_Ɗan_Gado:
Ina ta karatu ina jin ku. Ni gidanmu gidan wasa da maciji da kura ne, kakana ya yi, mahaifina ya yi. Akwai 'yan tauri a danginmu. Ku 'yan boko komai sai ku ce dabara ce. To wuƙar da ake gasa wa ɗan tauri a ciki ta lanƙwashe, ita ma saurin hannu ce? Akwai abin da aka sha, akwai abin da aka gada, kuma ba a faɗar sa a waya. Mai kartan tasha ɓarawo ne, kar ku haɗa mu da shi.

Injiniya_Kabiru:
Ranka ya daɗe, ba wanda ya haɗa ku da ɓarayi. Amma ka yarda wuƙa tana yanka ne in an ja ta, in an danna ta a miƙe ba ta cika shiga ba? Kuma ka yarda akwai masu cire wa gamsheƙa haƙoran dafi kafin su fito da ita?

Gardi_Ɗan_Gado:
Akwai masu cirewa, ban musa ba. Waɗannan 'yan shigar burtu ne, su suka ɓata sana'ar. Mahaifina bai taɓa cire wa maciji haƙori ba. Kuma ka zo da wuƙarka, kai ka wasa ta da hannunka.

Dakta_Maryam:
Don Allah kar a mayar da abin gasa. Mu a asibiti muna karɓar waɗanda aka gwada wa maganin ƙarfe ko na bindiga, wasu ba sa kai wa ga gado ma. Malam Gardi, ina girmama gadonka, amma yaran da ke karanta mu ba su da abin da ka ce ka gada, sai ƙarfin hali.

Ni dabon da ya fi damuna na masu ciro ciwo ne. Mara lafiya ya je, a shafa masa ciki, a tsotsa ko a matsa, sai a nuna masa ƙusa ko gashi ko ɗan ƙashi a ce ga abin da aka jefe shi da shi. Abin yana hannun mai maganin ko cikin bakinsa tun farko. A ƙasar Filifin an yi masu irin wannan da suka shahara, suna nuna kamar sun tsaga ciki da yatsu ba wuƙa, alhali jini da naman dabba ne suke ɓoyewa a tafi. Har daga Turai da Amurka ake zuwa musu. Mutum zai tashi ya ji sauƙi a ransa, ya koma gida, ƙarin da ke cikinsa na ci gaba da girma. Sai ya zo mana lokacin da aiki ya riga ya ɓaci. Wannan ya fi satar kuɗi muni.

Nuhu_Mai_Tarihi:
Tunda an taɓo Turawa, ga wani labari da ya kamata mu sani. A 1856 gwamnatin Faransa ta aika wani shahararren ɗan dabonta, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya. Shi ne ma wanda Houdini ya ari sunansa. Dalilin aiken shi ne Faransawa na ganin wasu shehunai na jan mutane zuwa bore ta hanyar nuna abubuwan mamaki, sai suka ce bari su nuna nasu ya fi. Aka tara shugabannin ƙabilu a gidan wasa a birnin Aljas. Ya ajiye ɗan ƙaramin akwati, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga, ya ɗaga ba wuya. Sai ya ce yanzu na zare maka ƙarfi. Mutumin ya yi ta kokawa, akwati ya ƙi motsi. Sirrin kuwa ƙarfe ne a gindin akwatin, da maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin dandamali, ana kunna shi ya riƙe. Ya kuma yi wasan da ake harbinsa da bindiga harsashi bai taɓa shi ba.

Labarin daga littafin da shi kansa ya rubuta ya fi fitowa, don haka a rage masa gishiri. Amma abin lura shi ne, 'yan mulkin mallaka sun ɗauki dabo a matsayin makami, kuma abin da suka dogara da shi shi ne mutane ba su san lantarki ba tukuna.

Tona asirin masu wannan ma ba yau aka fara ba. A ƙarni na 13 wani mutumin Dimashƙa, Al-Jaubari, ya rubuta littafi sukutum yana fallasa dabarun masu da'awar annabta, da shehunan ƙarya, da masu cewa suna mayar da ƙarfe zinariya. A Ingila kuma a 1584 Reginald Scot ya bayyana yadda ake wasan kwandala da karta, don ya nuna cewa matan da ake kashewa da sunan maita ba su da wani iko.

Alhaji_Sabo_Ibadan:
Malam Nuhu, ka tuna mini da ɗan dabon nan Farfesa Peller. Mu da muka taso a kudu babu wanda bai san sunansa ba, har shugabannin ƙasa ya yi wa wasa. Yana yanka mace biyu a akwati ya mayar da ita. Mutane sun yi ta cewa ƙarfe ba ya kama shi, amma a 1997 'yan bindiga suka harbe shi a gidansa a Ibadan. Har yau in ka je za ka ji masu cewa sai da aka san lokacin da ya ajiye kayan tsarinsa sannan aka harbe shi. Allah ya jiƙan musulmi.

Sadiq_09:
To ai ka ji, Alhaji. Da bai ajiye ba da ba a same shi ba.

Aisha_Ɗalibar_Jami'a:
Sadiq, lura da yadda maganar take. In harsashi bai shiga ba, magani ya ci. In ya shiga, an ajiye magani ko an karya sharaɗi. Ta kowace fuska ba a yarda maganin ya faɗi ba. Haka maganar Ɗan Damagaram ta kuɗin da ke komawa ganye: wa ya taɓa riƙe su har gida ya ga komawar? Kullum wani ne ya ji daga wani.

Ɗan_Damagaram:
Ni ban riƙe ba, gaskiya. Amma tsofaffi da yawa sun faɗa, kuma ba na jin duk ƙarya suka taru suka yi.

Zango_Kumasi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Mu a Gana masu ninka kuɗi har talabijin suka hau. Za ka ga mutum zaune da tulin takardun kuɗi yana zuba su daga ƙwarya ko akwati, lambar waya na yawo a ƙasan allo. Abin bai tsaya a asarar kuɗi ba. A 2021 a Kasoa wasu samari biyu suka kashe wani ƙaramin yaro don neman kuɗin tsafi, ƙasar duka ta girgiza, a shekarar kuma hukuma ta rufe wasu tashoshin. Shi ya sa nake goyon bayan Bashir. In yaro ya san akwatin nan gindi biyu gare shi, ba zai je neman kan mutum ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Wallahi Zango ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wata maƙwabciyata haka aka yi mata. Farko ta ba da kaɗan, aka sa a ambulan, aka yi 'yan surkulle, aka mayar mata ninki, kuma kuɗi ne na gaske, ta kashe su a kasuwa. Na biyu ma haka. Na uku ta kwashe kuɗin adashin mata ta haɗa da sarƙarta. Aka ba ta ƙunshi aka ce kar ta buɗe sai bayan kwana uku, kar kuma ta gaya wa kowa, in ta faɗa zai lalace. Ta buɗe ta tarar da yankakkun jaridu. Har yau tana biyan bashin.

Mu 'yan kasuwa ma muna gamuwa da ƙananansu kullum. Mutum ya ba ka dubu, ka ba shi canji, ya ce a'a ya fasa, ba ni kuɗina, ga naka, yana yi yana jan ka da hira, kafin ka farga ya tafi da duka biyun. Ko ya ƙirga kuɗi a gabanka cif, ya karɓa ya ce bari ya sake dubawa, wajen miƙo maka ya zare na ƙasa. Ni yanzu duk kuɗin da suka koma hannun mai saye, sai na sake ƙirga su daga farko, ko zai ji haushi.

Injiniya_Kabiru:
Hajiya, wannan doka taki ta fi duk bayanin da na yi amfani. Akwai kuma na baƙin kuɗi: a nuna maka akwati cike da baƙaƙen takardu a ce daloli ne aka shafa wa baƙi don a wuce da su, sai an sayi ruwan wankewa mai tsada. A zaro biyu a wanke a gabanka su fito fes. Waɗannan biyun na gaske ne da aka shafa wa aidin, ruwan kuwa bitamin C ne aka narka. Sauran duk takarda ce aka yanka. Da wajen na'urar ATM, mai cewa bari in taimaka maka, ya ga lambarka, ya mayar maka da wani katin mai kama da naka.

Malama_Rabi_Turanci:
A jaridun Turanci za ku riƙa cin karo da sleight of hand, sunan wannan saurin hannu ke nan a wurinsu, kuma sun fi amfani da shi a kan masu juya alƙaluma fiye da masu wasa da karta. Misali a ce an ƙara wa ma'aikata albashi amma a janye wani alawus ta bayan fage, ko kamfani ya bar farashi yadda yake ya rage abin da ke cikin leda. MMM, harkar nan ta zuba kuɗi a ci riba, da ta daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016 ai labarin maƙwabciyar Hajiya ne aka yi wa ƙasa guda: na farko su ci da kuɗin na baya, su fita suna shela.

Lauya_Hadiza:
Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar doka. Lambar nan 419 da kowa ke faɗa sashe ne na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a kudu. A arewa zamba tana ƙarƙashin Penal Code, daga sashe na 320. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfara, wadda hukuncinta ke kamawa daga shekara 7 zuwa 20. Matsalar da muke samu ita ce mutane ba sa kai ƙara. Wani kunya, wani kuma an tsorata shi cewa in ya yi magana zai haukace ko ya mutu. Wannan tsoron yana cikin kayan aikin ɗan damfara, kamar yadda Malam Sani ya kawo a rabon Ar-Razi.

Dakta_Maryam:
Kuma tsoron nan yana cin waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ku tuna yadda maganar shafi-mulera ke tashi lokaci-lokaci, kamar yadda ta yi a Abuja a 2023. Wani ya yi ihu an gaisa da shi gabansa ya ɓace, a rufe baƙo da duka. A kawo mai ƙarar asibiti a duba, komai na nan. Amma wanda aka daka ya riga ya daku.

Ummu_Khairat:
Wannan kam zalunci ne, ba wanda zai goyi bayansa. Amma ina nan kan bakata: kar mu koya wa yara cewa komai dabara ce har su daina azkar. Akwai abin da likita zai duba bai ga komai ba, kuma mutum na shan wahala.

Malam_Sani_Zazzau:
Hajiya, azkar ba ya hana a sake ƙirga canji, ƙirga canji kuma ba ya hana azkar. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma sai da ya cusa hannunsa cikin tarin abincin ya taɓo jiƙaƙƙen da aka ɓoye a ƙasa kafin ya faɗa.

Bashir_Gwammaja:
Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa 'yan majalisa bayanin Injiniya da na Baba. Biyu sun sauko, ɗaya ya ce shi sai an yi masa bayanin yadda mutumin ya san sunan mahaifiyar wani a cikin taron.

Baba_Tsohon_Direba:
Ka tambaye shi ko ya san wanda aka faɗi sunan mahaifiyar tasa. In ba ɗan unguwarku ba ne, to tare suka zo.

Gardi_Ɗan_Gado:
Baba, wannan na yarda, ana yi. Amma har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar wuƙa. Injiniya, bayan sallah muna da wasa a ƙauyenmu, in kana so in turo maka kwatance ta akwatin saƙo.

Injiniya_Kabiru:
Turo, ranka ya daɗe. Zan zo in gani, amma ba zan gwada wuƙa a jikin kowa ba, kallo kawai zan yi. In an yarda in tsaya ta bayan masu wasan maimakon gabansu, to ya fi mini.

Gardi_Ɗan_Gado:
Wannan sai na tambayi manya tukuna.